Shin dam ɗin Daɗin Kowa ne yake cinye silikar ruwa?

Tambaya: "Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne a Kwalejin Koyon Noman Lambu ta Tarayya da ke Daɗin Kowa, mahaifina kuma masunci ne a tafkin dam ɗin. Duk shekara da sanyi, kallinsa, wato ragar da yake kamu da ita, da duwatsun bakin ruwa sukan yi wani santsi mai launin ƙasa-ƙasa. Amma da zafin bazara ya kankama sai mu ga lungunan ruwan sun yi kore shar, har da wari. A aji an gaya mana akwai wasu ƙananan halittu da ake kira dayatom, waɗanda ba sa rayuwa sai da silika, kuma wai madatsun ruwa suna riƙe silikar. Shin dam ɗin ne yake cinye ta har dayatom su mutu, koren ya maye gurbinsu? In haka ne, zuba yashi a lungun da Baba yake kamu zai gyara? Allah ya ƙara wa Malam lafiya."

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, Allah ya yi maka albarka, ya ba mahaifinka sa'ar kamu. In na fahimce ka, abu uku kake son sani: mene ne santsin nan na lokacin sanyi, ko ƙarewar silika ce take kawo koren bazara, sannan ko yashi magani ne.

Zan faɗa maka ra'ayina tun yanzu, hujja ta biyo baya. Malaminku ya yi gaskiya, madatsa tana riƙe wani kaso na silikar kogi. Amma a ruwa irin na Gongola, wanda ya ratso duwatsu masu yalwar silika a ƙasa mai zafi, da wuya silika ta zama abin da ya fara yankewa. Abubuwan da suka fi juya rayuwar tafkinku su ne haske, motsin ruwa, zafi, da yawan takin da yake gangarowa ciki. Yashi kuwa, kada Baba ya wahalar da kansa a kansa.

Halittar da take gina gidanta da silika

Dayatom jinsin gansakuka ne, kowanne ƙwayar halitta ɗaya tak. Galibinsu girmansu tsakanin maikuromita 2 ne zuwa 200, kuma maikuromita 1,000 ne suke yin milimita ɗaya, don haka ido ba ya ganin ɗayansu sai sun taru da yawa. Suna haɗa abincinsu da hasken rana yadda tsiro yake yi. Na teku da na ruwan daɗi in aka haɗa su, ana ƙiyasta kusan kashi 20 cikin 100 na wannan aikin a faɗin duniya su ne suke yin sa, wato wani babban kaso na iskar oksijin da ake samarwa kowace shekara daga wajensu yake. Launinsu ba kore ba ne, ƙasa-ƙasa ne mai ɗan zinare, saboda wani sinadarin launi da ya rufe koren da ke cikinsu. Wannan ya yi daidai da abin da ka bayyana a kallin Baba. Da yawansu suna fitar da wani yauƙi da suke manne wa dutse ko zare da shi, wasu ma har tafiya suke yi a kai. Yauƙin nan shi ne santsin.

Abin da ya raba su da sauran gansakuka shi ne ɓawonsu. Da silika suke gina shi, sinadarin da ake yin gilashi da shi, kuma ɓari biyu ne, ɗaya ya shige cikin ɗaya kamar kwano da murfinsa. In ƙwayar za ta rabu biyu, kowace 'ya tana ɗaukar ɓari guda ta mai da shi murfi, sannan ta gina sabon gindi a cikinsa. Ka ga ke nan ba a rabuwa sai da sabuwar silika, kuma dayatom ba ya ajiye ta da yawa domin gobe. In ta yanke a ruwa, haihuwa ta tsaya. A ƙa'idar da aka fi amfani da ita, dayatom na teku yana buƙatar silikon, wato sinadarin da yake haɗuwa da oksijin ya zama silika, da naitirojin kusan kai da kai, na ruwan daɗi kuwa ɓawonsu ya fi kauri, buƙatarsu ta fi haka.

Sai ka riƙe wannan da kyau, domin a kansa amsar take: ɓawon yana da nauyi. Silikar da aka gina shi da ita ta ninka ruwa nauyi kusan sau biyu. Dayatom ɗin da yake yawo a tsakiyar ruwa ba shi da hanyar tasowa sama da kansa. In iska ko gudun kogi ba su juya ruwan ba, nitsewa yake yi a hankali har ya bar inda haske yake kaiwa.

Inda silikar Gongola take fitowa

Silikon shi ne na biyu a yawa a ɓawon ƙasa bayan oksijin, kusan kashi 28 cikin 100 na nauyinsa. Amma dayatom ba ya cin dutse. Silikar da ta narke a ruwa kaɗai yake iya ɗauka, ita kuma tana samuwa ne idan ruwan sama, wanda ya ɗebi ɗan tsami daga iska da saiwoyin tsirrai, ya ratsa dutse yana cin sa shekara da shekaru. Zafi da danshi suna hanzarta wannan aiki, shi ya sa kogunan ƙasashe masu zafi suka fi na Turai silika a jimlace. Matsakaicin kogunan duniya bai yi nisa da miligiram 10 a kowace lita ba.

Yanzu bi Gongola daga tushe. Yana tasowa daga gabashin tsaunukan Jos, ya ratsa jihar Bauchi ta cikin ƙasar duwatsun giranait, irin manyan duwatsun nan da suka kewaye garin Bauchi, ya nufi arewa maso gabas har Nafaɗa, sannan ya juyo kudu ya faɗo tafkinku. Giranait yana ɗauke da wani ma'adini da ake kira felsfa, wanda in ya ruɓe yake komawa yumɓu ya saki silika cikin ruwa. Bayan dam ɗin kuma kogin Hawal yana shigowa daga tsaunukan Biu, ƙasar baƙin dutsen aman wuta, wanda ya fi giranait saurin narkewa. Saboda haka ko da tafkin ya rage wani abu, ruwan da ya nufi dam ɗin Kiri da mahaɗar Binuwai a Numan yana samun ƙari a hanya. Da rani kuma, lokacin da ruwan sama ya ɗauke, abin da yake tsatsowa cikin kogi ruwan ƙarƙashin ƙasa ne wanda ya daɗe yana kwance a jikin dutse, kuma shi ya fi ruwan ambaliya silika.

Yashi kuwa galibinsa ma'adinin kwaz ne. Silika ce zalla, amma a ɗaure take tamau, narkewarta kaɗan ce kuma a hankali ƙwarai. Shi ya sa ma ya rage a matsayin yashi bayan sauran ma'adinan dutsen sun narke sun tafi. Kogin da yake kwance a kan yashi tun kaka da kakanni bai ƙoshi da shi ba, balle lodin tifa guda.

Akwai hanya ta biyu da ɗaliban noma ya kamata su fi kowa sani. Ciyayi da dangoginsu, shinkafa, rake, dawa, gero, gamba, suna zuƙar silika daga ƙasa su ajiye ta a ganye da kara. Kaifin ganyen shinkafa da yake yankar hannu daga nan yake. Shinkafa tana iya tara silikon har kusan kashi 10 cikin 100 na nauyin busasshen jikinta, tokar buntu kuwa kusan dukkanta silika ce. Irin wannan silikar ta jikin tsiro ta ninka kwaz sauƙin narkewa sau da yawa. Manomin da yake kwashe bambaro da buntu daga fadama duk shekara bai mayar da komai ba, yana rage wa ƙasarsa silikar da shinkafa take tsayuwa da ita ta jure cuta. A ganina, in akwai wurin da batun ƙarancin silika ya cancanci kulawa a yankinku, gonar shinkafar da ake nomawa sau biyu a shekara ta fi tafkin cancanta.

Kuma hazon da yake rufe Gombe da hunturu shi ma yana da hannu a labarin nan. Mafi yawansa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi yake tasowa, tsohon gindin Tafkin Chadi na da, wanda shekaru kusan 7,000 da suka wuce ya haura murabba'in kilomita 300,000, har gaɓarsa ta kai inda Maiduguri da Bama suke a yau. Farar ƙasar kwarin ɓawon dayatom ne da suka mutu suka taru. Irin wannan farar ƙasa mara nauyi akwai ta kusa da ku, a Bularafa ta ƙaramar hukumar Gulani a jihar Yobe. In ka share ƙurar hunturu daga gilashin mota ka sa a madubin awo, wato na'urar da take ƙara girman ƙananan abubuwa, kana iya cin karo da gutsattsarin ɓawonsu.

Abin da madatsa take yi

Kogi mai gudu, musamman mai laka, ba wurin yaɗuwar dayatom masu yawo ba ne, domin ruwan yana kwashe su kafin su yawaita. Da aka tare Gongola a Daɗin Kowa a shekarun 1980, sai ruwan ya sami wurin zama. Laka ta kwanta, haske ya shiga, dayatom suka sami lokaci. Suna zuƙar narkakkiyar silika su gina ɓawo, su mutu, su nitse. Wani kaso yana sake narkewa a ƙasa ya dawo cikin ruwa, wani kuma laka ta binne shi. Wanda aka binne shi ne asarar da kogin ya yi. Ban da shi, dam ɗin yana tare gutsattsarin silikar ciyayi da ambaliya ta ɗebo, waɗanda da a can gaba za su narke.

Misalin da ake yawan kawowa a aji shi ne kogin Danub na Turai. An kammala madatsar da ake kira Ƙofar Ƙarfe, tsakanin Romaniya da Sabiya, a 1972. A 1997 masani Christoph Humborg da abokan aikinsa suka wallafa cewa silikar da kogin yake kai wa tekun Bahar Aswad ta ragu da kusan kashi biyu cikin uku, kuma gansakukar da ba ta buƙatar silika ta yawaita a gaɓar tekun. Ina kyautata zaton daga nan maganar ajinku ta samo asali. Sai dai labarin bai tsaya nan ba. Da wasu masana suka auna ruwan da yake shiga tafkin madatsar da wanda yake fita, suka wallafa a 2004, sai suka ga abin da yake riƙewa bai wuce kusan kashi 4 cikin 100 ba, domin ruwan kwanaki kaɗan yake yi a ciki. Raguwar gaskiya ce, amma ta fito ne daga ɗimbin madatsun da ke kan kogin da rassansa, tare da takin zamani da ƙazantar birane da suka cika ruwan. Wani ƙiyasi na duniya baki ɗaya da aka fitar a 2014 ya nuna madatsu suna riƙe kusan kashi 5 cikin 100 na silikar da take shiga koguna. Ba ƙaramin abu ba ne, amma ya yi nesa da a ce an cinye.

Abu biyu ne suke ƙayyade yawan abin da tafki zai riƙe: tsawon zaman ruwa a cikinsa, da yawan abincin da dayatom suka samu. Na biyun ya fito fili a Tafkin Mishigan na Amurka, wanda ba madatsa ce ta yi shi ba. A 1971 wasu masana biyu, Schelske da Stoermer, suka nuna cewa fosfaras da ɗan Adam yake zubawa shi ya sa dayatom suka yawaita fiye da kima, suka ja silikar ruwan suka kai ta ƙasa. Buhun NPK, yuriya, kashin shanu, bayan gida, ragowar abincin kifi, duk suna ƙara naitirojin da fosfaras, ba sa ƙara silikar a zo a gani. Don haka ko inda silika ta ƙare da gaske, in ka bi sawu, taki za ka tarar a gindin matsalar.

Zafinmu kuma yana rage asarar. Ɓawon dayatom ya fi saurin narkewa a ruwa mai ɗumi da wanda ya karkata ga kanwa-kanwa, saboda haka tafkin ƙasa mai zafi yana dawo da kaso mai yawa cikin ruwa kafin laka ta rufe shi.

Shekarar tafki, daga damina zuwa bazara

Nan ne amsar tambayarka take, kuma abin da kuka lura da shi kai da Baba ya dace da yadda tafkunan arewa suke juyawa.

Da damina, daga Yuni zuwa Satumba, Gongola yana shigowa ja wur da laka. Silika tana nan, naitirojin da fosfaras daga gonaki suna nan, amma haske ba ya wuce taƙi ɗaya ko biyu. Gansakuka kowace iri ce tana taƙura. Da kaka ruwa ya fara kwanciya, laka ta sauka, haske ya ratsa. Sai hunturu ya zo, daga Disamba zuwa Fabrairu, da sanyin dare da busasshiyar iska. Saman ruwa yana hucewa ya yi nauyi ya nitse, na ƙasa ya taso, iska kuma tana kaɗa shi. Wannan shi ne lokacin dayatom: ga haske, ga abincin da ya taso daga ƙasa, ga motsin da yake riƙe su kada su nitse. A samfuran da nake ɗebowa daga madatsun arewa a wannan lokaci, wanda na fi cin karo da shi a tsakiyar ruwa shi ne Aulacoseira, mai ƙwayoyi jere cikin zare da ɓawo mai kauri, jinsin da aka san shi da son ruwa mai motsi. A kan duwatsu da raga kuma sai ka ga Gomphonema, Navicula da Nitzschia.

Daga Maris zuwa Mayu al'amari ya juya. Rana tana dafa saman ruwa, ya yi sauƙi ya zauna a bisa na ƙasa mai sanyi, su daina cuɗanya, musamman a lunguna inda iska ba ta kaiwa. Dayatom masu nauyi su nitse. A daidai nan wata ƙungiya take samun dama, ita ce sayanobakteriya, ƙananan halittun da galibi suke haddasa irin koren nan, irin su Microcystis da Anabaena. Waɗannan suna da 'yan jakunkunan iska a cikin ƙwayarsu, suna tasowa sama su kwashe haske, su yi wa na ƙasa inuwa. Suna son zafi fiye da dayatom. Wasunsu, irin Anabaena, har naitirojin suke ɗauka daga iska, don haka fosfaras kaɗai suke jira. Shi kuma yana zuwa ta hanyoyi da dama a bazara. Ruwa ya ja baya, garken shanu suna shiga sha suna kashi a ciki, masu noman rani sun bi gaɓar da ruwa ya bari suna zuba taki. Sannan in ƙasan tafki ya rasa oksijin saboda rashin cuɗanya, lakar da ta daɗe tana riƙe da fosfaras sai ta sake shi. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza, koren nan ma da sanadinsa.

Ka lura ban ambaci ƙarewar silika a wannan juyi ba. Ana iya samun koren nan alhali silika tana nan birjik. A Tafkin Windamiya na Ingila, inda masani John Lund ya bibiyi dayatom ɗin Asterionella tun shekarun 1940, yaɗuwarsa takan tsaya ne idan silika ta sauka ƙasa da rabin miligiram a lita. Kwatanta wannan da miligiram 10 na matsakaicin kogi. Kafin ruwan Gongola ya sauka zuwa can, sai dayatom sun kwashe kusan duka abin da ke cikinsa. Hakan yana iya faruwa a ƙaramin lungu mai taki da yawa wanda ya yanke daga uwar ruwa, a ƙarshen sanyi. A buɗaɗɗen tafkin kuwa ban sa ran haka.

Me ya sa ya kamata masunci ya damu da wanda ya rinjaya? Domin dayatom abinci ne mai kyau. Suna tara mai, har da irin man omega-3, ƙananan halittun ruwa suna cin su, 'ya'yan kifi su ci waɗannan, karfasa ma tana kiwonsu kai tsaye a kan duwatsu. Sayanobakteriya kuwa abinci ne mara daraja ga ƙananan halittun nan, ko da yake karfasa tana iya narkar da su saboda tsamin cikinta. In kuma koren ya mutu ya ruɓe, yana zuƙe oksijin, sai a wayi gari kifi yana haki a sama. Tarwaɗa tana jurewa don tana shaƙar iska, sauran ba haka suke ba.

Yadda za ka tabbatar da kanka

Daga nesa nake magana, kwalbar ruwan lungun Baba ce za ta yanke hukunci, kuma mafi yawan gwajin ba ya cin kuɗi. Fara da wannan: cika farar kwalba da koren ruwan, ka ajiye ta a inuwa mai sanyi ba tare da motsi ba har gari ya waye. In koren ya taru a wuyan kwalbar, alama ce mai ƙarfi ta sayanobakteriya. In ya kwanta a gindi, sauran gansakuka ne. Sa sanda a cikin koren ma yana nuna wani abu: in ta fito da dogayen zaruruwa suna reto, wannan koren zare ne, galibi ba mai guba ba. In ta fito a shafe da kore ba zare, a yi hattara.

Ga santsin kuwa, ɗauki duwatsu kamar biyar daga wurin da ruwa bai janye daga kansu ba, ka goge samansu da tsohon buroshin haƙori cikin ɗan ruwa, ka ɗiga a madubin kwalejinku. In an ƙara girma sau 400 za ka ga siffofinsu, wasu ma suna tafiya. Mu a ɗakin gwaji mukan dafa samfurin da haidirojin feroksaid domin naman ya narke ɓawon ya fito fes, sannan mu ƙirga ɓawo 300 zuwa 400 mu rarraba su jinsi-jinsi. Wannan ƙirga tana ba da labarin ruwan na makonnin baya, abin da awon sinadari na rana ɗaya ba ya bayarwa. Yawaitar Nitzschia palea da Gomphonema parvulum, alal misali, tana nuna ruwan da ƙazanta take shiga. Ƙasashen Tarayyar Turai da Afirka ta Kudu suna amfani da dayatom wajen sa ido kan kogunansu, kuma ina ganin babu abin da ya fi dacewa da aljihunmu irin wannan hanya, tunda madubi da horo kawai take buƙata.

Awon narkakkiyar silika shi ma mai sauƙi ne. Ana ɗiga sinadarin molibdet, ruwan ya canza launi, a auna kaurin launin da na'ura. Ka kiyaye abu uku: ɗebi ruwan a robar da aka wanke, kada ka sa a kwalbar gilashi don ita kanta silika ce, ka tace shi tun a bakin ruwa, kada kuma ka daskarar da shi a firiza, domin silikar tana dunƙulewa awon ya nuna ƙasa da gaskiya. In kana neman aikin kammala karatu, ga shi a ƙofar gidanku. Ɗebi ruwa wata-wata na shekara guda daga inda kogin yake shiga tafkin, daga tsakiya, daga lungun Baba, da kuma bayan dam ɗin, ka auna silika, fosfaras da zurfin da haske yake kaiwa. Bambancin shiga da fita shi ne zai nuna abin da tafkin yake riƙewa. Sai dai ka tambayi daga wane zurfi ake sakin ruwan, domin wanda ya fito daga ƙasan tafki yana ɗauke da silikar da ta sake narkewa, yana iya fin na sama. Awon wata ɗaya kuma ba ya isa hujja, dole sai ka zagaye damina da rani.

Saƙo ga Baba

Santsin sanyi ba cuta ba ne, alama ce ta ruwa mai abincin kifi. Illarsa kawai kalli yana yin nauyi, kifi yana ganin sa. Wanke shi da shanya shi a rana ya wadatar.

Koren bazara shi ne abin kiyayewa. Wasu sayanobakteriya suna fitar da guba mai suna maikurosistin, wadda take taɓa hanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar maikurogiram 1, wato kashi ɗaya cikin dubu na miligiram, a lita ga ruwan shan yau da kullum, kuma a 1996 a garin Karuwaru na Barazil mutane fiye da 50 masu wankin ƙoda suka rasu saboda ruwan da ya gurɓata da ita. Tafasa ruwa ba ya kashe wannan guba. Alam yana kwantar da ƙwayoyin amma ba ya cire gubar da ta riga ta narke. Kada kuma a yarda wani ya zuba maganin kashe gansakuka a lungun, domin ƙwayoyin suna fashewa su saki gubar gaba ɗaya. Ba kowane kore ne yake da guba ba, kuma madubi jinsi kawai yake nunawa, gubar sai da gwaji na musamman. Tunda ido ba ya bambancewa, kada a sha daga wurin da koren ya taru, kada yara su yi wanka a ciki, a kuma gaya wa makiyaya su kai dabbobinsu gefen da iska take tasowa, tunda can ɗaya gefen take tura koren. Kifin da aka kama a irin wannan ruwa a cire kayan cikinsa a zubar, a wanke naman da ruwa mai tsabta, domin gubar ta fi taruwa a hanta da hanji. Wanda ya sha ya ji amai, gudawa ko ƙaiƙayin fata, wannan ya wuce fagena, asibiti za a kai shi, a kuma gaya wa likita irin ruwan da ya sha.

Gyara na dindindin yana tudu. A bar zirin ciyawa tsakanin gonar rani da bakin ruwa, a daina watsa taki dab da gaɓa ko ana tsammanin ruwan sama, a nisanta masai da juji daga kwazazzaban da suke zuba cikin tafkin, a ware wa shanu mashaya. Mutum ɗaya ba zai iya wannan ba. Magana ce da Baba zai kai wa Sarkin Ruwa, a zauna da manoman rani da arɗon makiyaya kafin ruwa ya fara ja baya, kai kuma ka je zaman da kwalbarka da sakamakon awonka.